Alƙalamin marigayi Baba: an rubuta Aurora 88 a wuyansa, dillali ya ce jabu ne

Autar Akawu:
Assalamu alaikum. Wata ƙawata ce ta jefo ni cikin wannan zaure, ta ce nan ne matattarar masu son alƙalami mai shan tawada. Watan jiya muka buɗe adakar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. A ƙarƙashin takardun fansho na ci karo da wani ɗan siririn gwangwanin alminiyom, a ciki ga alƙalami baƙi mai farin murfin ƙarfe, an naɗe shi da ƙyalle rawaya. A wuyansa, daidai inda yatsu ke kamawa, an rubuta Aurora 88, a ɗaya gefen kuma wata doguwar lamba. Bakin bai fito duka ba, ɗan tsininsa kawai ake gani. Baba ya yi akawu a wurin aikin madatsar ruwa ta Kainji, Inna ta ce wani injiniya ɗan Italiya ne ya ba shi da zai koma ƙasarsu. Yayanmu ya nuna wa wani dillalin kayan da, ya ce jabu ne, amma zai taimaka ya ba da naira 15,000. Ga hotuna uku na ɗora. Don Allah a duba mini.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban san komai a kan alƙalami ba, zaman kallo nake a zauren nan. Amma shekarata 20 a kasuwa. Duk wanda ya ce kayanka jabu ne kuma ya ƙi tafiya, to ya ga abin da ya gani.

Tsohon Hedimasta:
Allah Ya jiƙan mahaifinki, 'yata, Ya sa ya huta. Kada ki sayar tukuna. Abin da na gani a hotunan nan tsohon Aurora 88 ne, irin na farko. Kamfanin Aurora a birnin Torino yake, tun 1919. Wannan samfurin ya fito a 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da Parker 51 na Amurka ya cika kasuwa da salon ɓoye baki. Sai 'yan Italiya suka ce su ma ba a bar su a baya ba, suka ɗauko Marcello Nizzoli ya zana musu. Shi ne dai mutumin da ya zana tafiretar Olivetti Lettera 22. Mu da muka yi aikin ofis a da mun san Olivetti kamar yunwar cikinmu.

Gwangwanin da ƙyallen ma nasa ne, haka ake sayar da shi. Yawancin mutane sun yar da nasu tuntuni, ke kin same shi da rigarsa. Labarin Inna kuma ya hau daidai, don 'yan Italiya ne suka gina Kainji, aka gama a 1968. Injiniyan da ya zo aiki a shekarun nan da alƙalamin da ya saya tun yana saurayi a aljihu, babu abin mamaki a ciki.

Mai Agogo:
Gaskiyar Baba Hedimasta ne. Sai dai ni aikina duba ciki ne, hoto ba ya isata. Hajiya Auta, abu na farko: KADA ki murɗa gindinsa da ƙarfi. Wannan ɗan guntun da ke ƙarshe shi ke tura fistan ɗin da ke zuƙo tawada. In shekara 40 ya yi a adaka, tawada ta bushe ta kama shi, kina matsawa sandar ciki za ta tafi. Ki kuma duba mini abu uku. Murfin zare shi ake yi ko kwance shi ake kamar na kwalba? In kin ɗaga shi saitin haske, akwai wata 'yar taga a sama da wuya da ake hango ciki? Sannan ki goga wuyan a tafin hannunki har ya ɗan yi ɗumi, ki sansana.

Autar Akawu:
Zare shi ake yi, Malam. Tagar tana nan amma ta yi duhu, kamar ruwan shayi. Wuyan kuma da na goga wari yake kamar tayar mota ta sha rana. Launinsa ma ba baƙi wuluk ba ne kamar sauran jikin, ya ɗan koɗe zuwa ruwan ƙasa. Wannan ne ma dillalin ya nuna, ya ce ai ga shi nan roba biyu aka haɗa.

Mai Agogo:
To abin da ya kira aibu shi ne shaidarki. Wuyan da ebonayit aka yi shi, wato roba ce da aka dafa da farar wuta har ta yi tauri. Shi ya sa kika ji warin taya. Ita kuwa ɗabi'arta ce ta koɗe in ta daɗe tana shan haske ko ruwa. Gangar jikin kuma seluloyid ce, wata irin robar da, ba ta koɗewa irin haka. Mai yin jabu a yau ba zai wahalar da kansa da ebonayit ba, robar bokiti zai narka ya zuba. Kuma wa ma zai zauna ya yi jabun tsohon 88? Sun haura miliyan da aka yi, ba abu ne mai wuyar samu a Italiya ba. Sabon 88 da kamfanin ke yi yanzu daban yake, bakinsa a buɗe yake gaba ɗaya, murfinsa kuma kwancewa ake yi. Kada a rikita su.

Hajiya Likita:
Ina son wannan magana ta Mai Agogo, don a nan mutane ke ɓata. Kowa ya shigo harkar nan tsoron jabu yake, saboda ya saba jin labarin alƙaluman Montblanc na bogi da ake sayarwa a tire. Amma a tsofaffin alƙaluman Italiya ba jabu ne babbar matsala ba, haɗin gambiza ne. A samo gangar wannan, murfin wancan, bakin wani can dabam, a haɗa a goge a ce maka gangariya. Kowane ɓangare na gaske ne, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. Shi 88 ɗin nan yana da ƙanne, 88K da 88P, da suka biyo baya a shekarun 1950, kuma sau da yawa za ka ga murfin ƙane a kan wa. Naki, Auta, tunda daga hannun mutum ɗaya ya fito ya shiga adaka, kin tsira daga wannan.

Ɗan Kwari:
Ni fa har yanzu ban ji kuɗi ba. Nawa ne?

Tsohon Hedimasta:
Ɗan Kwari, kai komai sai ka kai shi sikeli. Ba kuɗin gida ba ne, ba na mota ba, kada 'yan gidan su fara mafarki. Amma ya ninka tayin dillalin nan ba sau ɗaya ba. In ana son ƙiyasi, a shiga shafukan gwanjo na intanet a duba farashin da aka SAYAR, ba wanda mai kaya ya rubuta yana jira ba. Kowa na iya sa wa akuyarsa kuɗin raƙumi.

Ɗan Zango a Vicenza:
Salamu alaikum jama'a, yanzu na tashi daga aiki. Ni ɗan Kumasi ne, ina aikin jima a wajen Arzignano, mu 'yan Ghana muna da yawa a nan. Bassano del Grappa, inda kamfanin alƙalami na Montegrappa yake tun 1912, a lardinmu yake. Bari in ba ku abu ɗaya da na koya a wurin maƙeran zinare na nan, don Vicenza garin zinare ne. Duk azurfa ko zinaren da aka ƙera a Italiya a wannan zamani yana da ɗan hatimi ƙanƙane: tauraro, sai lamba, sai haruffa biyu. Lambar ta maƙerin ce, haruffan na lardi ne. VI Vicenza, FI Firenze, TO Torino, MI Milano, NA Napoli, AR Arezzo. Kusa da shi kuma 925 in azurfa ce. A baki kuma 585 na nufin karat 14, 750 na nufin karat 18. To in mutum ya kawo maka alƙalami ya ce azurfa ce tsantsa daga Italiya, ka ari gilashin Mai Agogo ka nemi wannan hatimi. Amma fa tauraron daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara sa shi, kada wani ya je nema a kayan da suka girmi haka ya ce bai gani ba.

Autar Akawu:
Na duba murfin nawa babu 925. Ke nan ba azurfa ba ne?

Tsohon Hedimasta:
Ba azurfa tsantsa ba ne, kuma ba a taɓa cewa ita ce ba. Wani haɗin ƙarfe ne da Aurora suka raɗa wa suna Nikargenta. Akwai masu murfi mai rufin zinare, akwai wannan. Bakin ne zinare, karat 14, sai dai a ɓoye yake ba za ki ga rubutun ba sai an ciro shi. Kada ki ciro.

Ɗan Kwari:
Ni ina da dabara mai sauƙi. A kawo maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne. In bai kama ba, gwal ne. Shike nan.

Mai Agogo:
Rabin gaskiya ke nan, Alhaji, ita ce kuwa ke kai mutum rami. In ya kama, tabbas ba zinare ba ne. In bai kama ba, ba ka san komai ba tukuna, don akwai baƙin ƙarfe marar tsatsa da maganaɗisu bai damu da shi ba. Gwada a cokulan gidanka ka gani. Abin da nake dubawa shi ne gefen baki da wajen tsagar. In wanke shi aka yi da ruwan gwal, nan yake fara cinyewa, fari ya leƙo. In kuma ka ga an rubuta Iridium Point Germany a bakin alƙalamin da aka ce maka na manyan gidajen Italiya ne, to mayar wa mai shi. Wannan rubutu ba sunan kowa ba ne, kowa ma bugawa yake.

Ɗan Zango a Vicenza:
Amma a yi adalci, baki ɗan Jamus ba laifi ba ne. Kamfanonin Italiya da yawa a wurin Bock na Heidelberg ko JoWo na Berlin suke yin odar baki, a buga musu tambarinsu a kai. Aurora na cikin ƙalilan da ke ƙera nasu a cikin gida.

Hajiya Likita:
Shi ya sa rubutun bakin Aurora ke da ɗan kaushi kamar fensir. Wasu sai su ɗauka ya lalace, su kai a goge, su kashe abin da ya sa ake sonsa.

Tunda ana maganar cuta, bari in tona wa kaina asiri. Shekara huɗu da suka wuce na ga wani a intanet yana sayar da alƙalami mai ɗauke da sunan wani babban gidan Italiya, da akwatinsa mai sheƙi, da takardar shaida, da lamba wai 88 kacal aka yi a duniya. Kuɗin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farashinsa ba. Zuciyata ta ce tsuntsu daga sama gasasshe. Da ya iso, nauyi kamar guduma, ashe tagulla ce aka fesa wa fenti. Bayan sati biyu na ga mutumin ya sake ɗora wani da lamba iri ɗaya da tawa. Daga ranar na daina kallon akwati. Akwati da takarda kowace maɗaba'a na iya buga su. Zaren murfi, da yadda fistan ke tafiya, da ƙamshin jiki, su ne ba a iya ƙaryarsu da araha.

Ɗan Kwari:
Ƙamshi kuma? Likita, turare ake saya ko alƙalami?

Hajiya Likita:
Ka yi dariya, amma hanci na cikin kayan aiki. Seluloyid na gaske da kafur ake haɗa shi. Ka buɗe murfin ka sansana ciki, za ka ji kamar an buɗe akwatin lefen kaka. Robar akirilik ta zamani ba ta da wannan. Kuma shi seluloyid watanni yake yi yana bushewa kafin a iya fafe shi, ga saurin kama wuta, shi ya sa masana'antu suka guje shi.

Wanda bai taɓa riƙe Omas Arco ba ba zai gane abin da ya sa muke haukan nan ba. Launi ne hawa-hawa, ruwan zuma da ruwan ƙasa da ruwan gwal, kana juya shi yana buɗewa yana rufewa kamar shadda a rana. Omas a Bologna yake, Armando Simoni ya kafa shi a 1925, sunan ma taƙaitawa ce ta Officina Meccanica Armando Simoni. Alamarsa jiki mai fuska 12 da ya fito da shi a 1932, da 'yar taya a ƙarshen maƙalin aljihu, da zanen Girkawa a zoben murfi. Har ma ya taɓa yi wa irinmu alƙalamin likita, mai maɓoyar ma'aunin zafin jiki a ciki. Kamfanin ya bar hannun iyalin a 2000, LVMH na Faransa suka saya, daga nan ya koma hannun wasu 'yan Hong Kong, a farkon 2016 aka rufe. Na fi wata ina jin abin a raina kamar an yi mini rasuwa.

Ɗan Zango a Vicenza:
Anti Likita, ai bai mutu ba. Tsofaffin ma'aikatansa sun buɗe kamfanin Scribo a can Bologna, kuma duk wanda ya gwada bakinsu ya ce hannun nan ne dai. Ragowar sandunan seluloyid ɗin ma an saye su, aka yi alƙaluma da su da sunan Armando Simoni Club. Sunan Omas ɗin kansa ya dawo kasuwa a hannun wasu.

Hajiya Likita:
Ƙanena, ka kawo abu uku, kuma shi ne ciwon. Hannu ya tafi gida ɗaya, seluloyid ya tafi wani, suna ya tafi na uku. Wanne ne Omas a ciki? In an rushe gidan sarki, wani ya sayi tubalin, wani ya ɗauki maginan, wani ya sayi allon ƙofa, wa ke zaune a gidan sarki? Kama da wane ba ta wane.

Ɗan Zango a Vicenza:
Ni ban yarda ba. In haka ne, Omas na bayan 2000 ma ba Omas ba ne, tunda Simoni ya rasu tun 1958 kuma 'ya'yansa sun sayar. A ina za ki ja layin? Montegrappa ma kamfanin Richemont na Switzerland sun riƙe shi daga 2000 zuwa 2009 kafin iyalin Aquila su karɓi abinsu. Babu wanda ya ce na waɗancan shekaru shege ne.

Hajiya Likita:
Domin masana'antar ba ta tashi daga Bassano ba, mutanen ciki ba su watse ba. A nan nake jan layina: rufi ɗaya, hannu ɗaya. Ban ce sababbin ba su da kyau ba, ina da Scribo guda kuma kullum yana aljihun rigar aikina. Abin da ban yarda da shi ba shi ne dillali ya ɗauko alƙalamin bara, don kawai jikinsa Arco ne, ya ce maka Omas na da ne.

Tsohon Hedimasta:
A wannan gaɓa ta ƙarshe dai kun haɗu, ko ba ku lura ba. Ku ci gaba da sauran a bayan fage.

Alaramma:
Assalamu alaikum. Ina ta bin ku a hankali. Ni alƙalamina gamba ce, in ta dakushe in fiƙe ta da aska, in ta ƙare in yanko wata, ban taɓa tambayar lambarta ba. Amma ina da magana biyu. Ta farko ga Malama Auta: abin nan gado ne. Ba na wanda ya tsinta ba ne, ba na wanda ya fi sonsa ba ne. In kina so ya zauna a hannunki, a yi masa ƙima ta gaskiya, ki biya sauran magada rabonsu ko su yafe miki da bakinsu. Ta biyu ga mazan zauren nan: kuna ta 585 da 750, kun san dai hadisin da ya hana maza zinare da alhariri.

Autar Akawu:
Allah gafarta Malam, na gode da tunatarwa. Wallahi abin da ya sa na ƙi yarda da kuɗin dillalin ke nan, kada a ci haƙƙin kowa.

Tsohon Hedimasta:
Allah gafarta Malam, maganarka a kan hanya take. Na taɓa kai wannan tambaya gaban malamai biyu, ɗaya ya ce a bari, ɗaya ya ce ɗan abin da ke bakin kayan aiki ba ado ba ne. Ba ni da hurumin raba su, kowa ya koma ga malaminsa. Amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ƙofa a buɗe take. Leonardo na yankin Napoli suna da Momento Zero mai bakin ƙarfe, kuma yana rubutu lafiya lau. Stipula na Firenze suna da na titaniyom. Visconti sun daɗe suna sa bakin faladiyom a samfurinsu Homo Sapiens kafin su koma zinare.

Kuma ko a tsofaffi akwai. Bayan Mussolini ya afka wa Habasha a 1935 aka ƙaƙaba wa Italiya takunkumi, sannan yaƙi ya zo, zinare ya yi wuya. Sai kamfanoni suka koma bakin ƙarfe, kowa ya raɗa wa nasa suna mai daɗi don kada a ce ƙarfe ne. Omas suka ce Permanio, Aurora suka ce Platiridio, Ancora suka ce Zanio. In ka ga ɗaya daga cikin sunayen nan a baki, kada ka yi saurin cewa an canza shi, yana iya zama shi ne shaidar shekarun alƙalamin.

Ɗan Agadas:
Baba Hedimasta, tunda ka ambaci Habasha. Aurora sun yi wani farin alƙalami mai suna Etiopia a lokacin mamayar, da ɗan ma'aji na ƙwayoyin busasshiyar tawada, wai soja ya zuba ruwa ya rubuta wasiƙa a daji. Masu tarawa a Turai rububinsa suke. Ni ko kyauta aka ba ni ba zai kwana a ɗakina ba.

Hajiya Likita:
Na fahimce ka, amma ni zan ajiye. Ba don sha'awa ba. Irin waɗannan abubuwa ne ke nuna yadda aka mayar da zalunci abin talla, har a kan alƙalami. In duk an zubar, gobe wani zai ce ba a yi ba.

Ɗan Agadas:
Wannan aikin gidan tarihi ne, Hajiya, ba na aljihun riga ba. Mu bar shi nan. Ni abin da nake nema shekara da shekaru shi ne Delta Tuareg. Delta na Napoli, waɗanda suka yi Dolcevita mai ruwan lemo da baƙi, sun yi jerin alƙaluma da sunan ƙabilun duniya, akwai Maasai, akwai Inuit, akwai Ainu, har da namu na Abzinawa, shuɗi kamar rawanin baba. Kamfanin ya rufe a 2017. In wani ya ji labarin mai sayarwa, ina nan.

Ɗan Zango a Vicenza:
Zan sa maka ido. Ka san shi Leonardo ɗin ɗan gidan Matrone ne ya kafa shi, mahaifinsa na cikin waɗanda suka kafa Delta a 1982. Nino Marino kuma, abokin kafawar, ya buɗe Maiora, daga baya ya dawo da sunan Delta. To in ka ga Delta ka tambaya na kafin rufewa ne ko na bayanta. Ga shi Anti Likita za ta ce na sake kawo mata rigima.

Ɗan Kwari:
Ni duk Napoli abin da na sani Osimhen ne da kofin 2023. Amma tsakani da Allah, jama'a, biron naira 100 ba ya rubuta abin da naku ke rubutawa? An ce akwai wanda da dutse aka yi shi. Mutum ya sa dutse a aljihu ya biya miliyan?

Tsohon Hedimasta:
Agogon hannunka da ka ɗora hotonsa ranar Sallah, lokacin da yake nunawa ya fi na wayarka daidai ne? Dutsen gaskiya ne, Visconti Homo Sapiens, da garin aman dutsen Etna na Sisili aka kwaɓa jikinsa. Visconti ma ba tsoho ba ne, a 1988 Dante Del Vecchio da Luigi Poli suka kafa shi a Firenze, maƙalinsa mai lanƙwasa kamar gada shi ne alamarsa. Ni ban mallake shi ba, fanshona bai kai nan ba. Alƙalumana shida ne, huɗu a ciki babu suna a jikinsu. Irin na ƙananan maƙeran Settimo Torinese ne, wani gari a gefen Torino da a da kusan kowane lungu ana fafe alƙalami. Ba su da daraja a kasuwa, amma seluloyid ɗinsu in ka gani sai ka rantse na sarauta ne. Da su nake rubuta wa jikokina wasiƙa, su kuma su amsa mini da saƙon murya.

Alaramma:
To in na samu mai bakin ƙarfen, zan iya zuba masa tawadar kurtuna?

Mai Agogo:
Subhanallahi, a'a, Allah gafarta Malam! Tawadar allo da ƙaro ake haɗa ta, ga baƙin da ke cikinta gari ne, ba narkewa yake ba. A ƙarƙashin bakin alƙalamin nan akwai wani harshe mai 'yar siririyar hanya kamar gashi, ta nan tawada ke bi. Ƙaro na shiga ya bushe, an gama. An taɓa kawo mini ɗaya da aka yi wa haka, kwana tara ina fama da shi. Tawadar kwalba da aka yi don irin wannan alƙalami kawai.

Kuma tunda muna ƙasar zafi, kowa ya ji: kada a bar shi a mota. Iskar da ke cikin gangar tana kumbura in ta ji zafi, sai ta turo tawada waje, farar shadda ta tafi. A ɗauke shi baki sama. Kada a kusanta sifirit ko turare da seluloyid, narkar da shi suke. Kada a rufe shi a leda ya kasa numfashi. In hunturu ya shigo kuma, a riƙa rufe murfi da an ɗaga hannu.

Autar Akawu:
To Malam, ni yanzu me zan yi da nawa? Ina so in ga ko yana rubutu.

Mai Agogo:
Samu ƙaramin kofi, zuba ruwan sanyi, ba na zafi ba, ba sabulu. Ki tsoma tsinin kawai, kada ruwan ya hau wuyan, don zai ƙara koɗar da shi. Bar shi kamar awa ɗaya. Sannan ki gwada gindin da yatsu biyu, a hankali kamar kina ba agogo wani. In ya motsa, to. In ya ƙi, ki ƙyale shi. Kada kowa ya ce miki a sa basilin ko man keke.

Autar Akawu:
Jama'a, na dawo. Ruwan kofin ya koma shuɗi mai duhu tun kafin in taɓa komai. Tawadar Baba ce, ta shekara nawa Allah kaɗai Ya sani. Na ɗora bakin a takarda haka nan da jiƙonsa, ya rubuta. Na rubuta sunansa sau uku kafin ya ɗauke, na kai wa Inna, ta daɗe tana kallon takardar ba ta ce komai ba. Gindin ya motsa kaɗan, amma da na zuƙo ruwa sai na ga yana tsattsafowa ta baya. Na ɓata shi ne?

Mai Agogo:
Ba ki ɓata komai ba. 'Yan zobban da ke kan fistan ne suka bushe suka tsuke, dole ne bayan wannan shekaru. Ana canza su. Ki zubar da ruwan, ki tsayar da shi baki ƙasa a kan tsumma ya tsane, kada ki ƙara murɗawa. In wani naku zai shigo Kano, a naɗo shi a ƙyallensa cikin gwangwaninsa, a jakar hannu, ba a but ba.

Ɗan Kwari:
Hajiya, in magada sun ƙi yafewa a yi mini magana. Na ƙara dubu biyar a kan ta dillali.

Autar Akawu:
Alhaji, kai da ka ce biron naira 100 ya ishe ka? Yayanmu zai shigo ranar Asabar, Malam Mai Agogo. Ya ce in tambaya ko kana buɗe shago kafin Azahar.